Kwana a daji bisa hamak da gashin zabi: ina ya dace kusa da Maraɗi?

Sani_Zariya2:
Assalamu alaikum jama'a. Na samu hamak guda biyu wajen ƴan gwanjo, irin gadon lilon nan na yadi mai santsi da ake ɗaurawa tsakanin itatuwa biyu. Ni da abokaina uku na fada muna son mu fita bayan gari ranar Asabar da la'asar, mu hura wuta, mu gasa zabi, mu ɗora shayi, mu kwana can mu dawo da hantsi. Ba farauta za mu ba, shan iska ne kawai, ƙarar kabu-kabu ta ishe mu. Ina ne ya dace? Wani ya ce mu tafi Baban Rafi tunda nan ne daji na gaske. Kuma wanda ya taɓa kwana bisa abin nan ya gaya mana yadda ake ɗaure shi, kada mutum ya wayi gari a ƙasa.

DanTasha_Mokoyo:
Ku huɗu, hamak biyu. Sauran biyun gadi za su yi ke nan?

Sani_Zariya2:
Suna da tabarmi, Ɗan Tasha. Za a yi karɓa-karɓa.

Baffa_Gabi:
Wa alaikumus salam. Sani ɗana, wanda ya ce maka Baban Rafi ko dai bai san wurin ba, ko ba ya sonka. Ni mutumin yankin ne. Daji ne mai kyau ƙwarai, marke da ƙirya da taramniya, da can har giwaye na ƙetarowa daga wajen Najeriya su shigo. Amma shekarun ga ba a shiga don nishaɗi. Iyaka na nan kusa, kuma kowa ya san abin da ƴan bindiga suka yi ma ƙauyukan Gabi da Madarunfa da Gidan Runji: kore shanu, ɗaukar mutane a nemi kuɗin fansa. Tun 2019 da ƴan gudun hijira suka kwararo daga Zamfara da Sakkwato ba mu koma barci da ido biyu a rufe ba. Mu da ke da gonaki a bakin dajin ba mu bari magariba ta riske mu can. Ku kuma ku je ku hura wutar da za a hango daga nesa, da babura sababbi a gefe? A'a. Ka cire kudu daga lissafinka gaba ɗaya.

Hajiya_Rabi_Bagalam:
Allah shi yi maka albarka Baffa. Ni abin da ban gane ba, mutum na da ɗaki da katifa da ƙofa mai makulli, mi ya kai shi neman kwana a sarari? Iyayenmu don dole suka yi. Ku gasa zabinku a tsakar gida mana, ku aiko mana da namu.

Injiniya_Moussa:
Hajiya a bar yara su ga taurari, a cikin gari fitilu sun hana. Sani, bari in amsa maganar ɗauri tunda ita ce na sani.

Nemi itatuwa biyu masu rai, kowane kaurinsa ya kai cinyar babban mutum ko ya fi, tsakaninsu taku shida zuwa bakwai, wato mita 4 zuwa 5. Ka ɗaura igiya wajen tsayin kanka. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ja har hamak ɗin ya miƙe tsaf, wai don kada baya ya lanƙwashe. Wannan shi ke tsinka igiya. In igiyar ta sauko da kusurwar digiri 30 daga kwance, kowane gefe yana ɗaukar nauyi daidai da nauyin jikinka. In ka ja ta har ta koma digiri 10, kowane gefe na ɗaukar kusan ninki uku. A digiri 5 ya haura ninki biyar. Mai kilo 70 ya ɗora ma igiya kusan kilo 400 ke nan, kuma kayan gwanjo ne, ba ka san rana nawa ya sha ba.

Awon ba shi da wuya: ka miƙe manuniyarka a kwance, ka tayar da babban yatsa sama. Layin da ke tsakanin kan yatsun biyu ya kusa digiri 30. In ka zauna ciki, tsayinka daga ƙasa kada ya wuce na kujera. Wajen kwanciya kuma ba a bin tsawonsa sak. Ka ɗan karkace, kai gefe ɗaya ƙafafu ɗaya gefen, sai ka ji bayanka ya shimfiɗe. Kafin ka fita, duba ɗinkin bakinsa biyu da rana, nan yake fara yagewa.

Ummi_UDDM:
Injiniya ya mayar da mu aji. To ni tambayata, mata ma na iya zuwa ko abin na maza ne kawai? Mu ma hayaniyar ta ishe mu.

Hajiya_Rabi_Bagalam:
Ummi ɗiyata, ki tambayi babanki tukuna, ki dawo ki gaya mana amsar da ya ba ki.

Manomi_Agye:
Ina karanta ku ina murmushi. Ku mutanen birni kuna cewa "daji" kamar wuri ne marar mai shi. Ka fita Maraɗi ta hanyar Cadawa ko ta Tibiri ko ta Dakoro, duk iccen da idonka ya gani cikin gonar wani yake, kuma mai gonar ya san shi kamar yadda ya san awakinsa. Gawon da za ka ɗaura ma igiya ba shuka shi aka yi ba, amma renonsa aka yi. Kututture ne ya toho, aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi aka bari, aka sassabe sauran, aka yi ta tsaronsa daga masu gatari shekara da shekaru. Shi ne sassaben zamani. A nan jihar Maraɗi abin ya kafu wajen 1983, lokacin da wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ke aiki da manoma, ya bazu har ana lissafin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a faɗin Nijar. Ku je ƙauyen Dan Saga ta wajen Agye ku gani, har kwamitin tsaron itatuwa gare su. Kuma tun 2020 akwai dokar da ta tabbatar ma manomi haƙƙin iccen da ya rena a gonarsa.

Saboda haka, Sani, kafin maganar digiri 30, ka fara da sallama. Ka je wurin mai gari, ka ce ga mu ga abin da ya kawo mu, a haɗa ka da mai gona. Ba wanda zai hana ka, watakila ma a aiko muku da fura. Amma a tarar da baƙi huɗu da dare cikin gona da wuta, ba wanda ya san da zuwansu, a zamanin ga? Kafin ka yi bayani an tara maka gari da sanduna.

Abu na biyu, kada ku sari ko reshe ɗaya ɗanye. Gawo na cikin itatuwan da doka ta kare, in ma'aikatan gandun daji suka same ku da shi tara ce. Na uku, siririyar igiyar nailan tana yanka ɓawon icce. Ku sa ɗamara mai faɗi irin ta ɗaure kaya a mota, ko ku naɗa tsohon buhu kafin igiya.

Injiniya_Moussa:
Gaskiyarka Manomi, faɗin yatsu biyu ko fiye. Igiya ma ta fi zama daram a kan ɗamara, ba ta zamewa.

DanTasha_Mokoyo:
Ni dai kada ku ɗaura a tsamiya. Kun san masu wurin ba su son a dame su da dare.

Malam_Habibu:
Ɗan Tasha, tsamiya itace ce kamar sauran, Allah ne mai tsarewa. Abin da ya tabbata shi nake so in tuna ma Sani. Duk wanda ya sauka a wani masauki ya ce "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ", babu abin da zai cuce shi har ya bar wurin, wannan yana cikin Muslim. An kuma yi hani ga sauka a kan hanya da dare, domin nan ne mabiyar dabbobi da miyagun ƙwari. Burtali ma hanya ce, kada ku ga wuri a share ku ce kun samu fili. An hana barin wuta tana ci a tafi barci. Kuma ku huɗu ne, madalla, don an ƙi mutum ya yi tafiyar dare shi kaɗai. Ku ɗebi ruwan alwala daban da na sha, kada asuba ta yi ku fara gardamar wa ya ƙarar da jarka.

DanTasha_Mokoyo:
Na ji Malam. Amma in an ba ka zaɓi tsakanin tsamiya da bedi ƙarfe biyu na dare, wanne za ka ɗauka tsakaninka da Allah?

Malam_Habibu:
Bedi. Saboda cinnaku.

Bouzou_Dakoro:
Kowa na ta maganar icce da igiya, ba wanda ya gaya ma yaron ga abin da zai hana shi barci. Sanyi ne. Yanzu muna cikin hunturu, goshin asuba a fili yana sauka wajen digiri 12 ko 13, wani dare ƙasa da haka. Wanda ke kwance bisa tabarma, rairayi na riƙe masa ɗumi. Wanda ke rataye, iska na bi ta ƙarƙashinsa dare duka, kuma bargon da ya danne da bayansa ba ya aikin komai tunda ya matse. Sai ka ga mutum ya lulluɓa da bargo biyu a sama amma bayansa kamar an zuba ruwan randa. Ka shimfiɗa darduma mai kauri ko buzu cikin hamak ɗin kafin ka hau, ka sa hula da safa. Ni na tabbata kafin ƙarfe uku masu hamak za su roƙi masu tabarma a yi musanya.

Mu da muka tashi bayan raƙuma ba mu san rataya ba. Ka share wuri, ka duba ramuka, ka kwanta inda wani kurmi ya tare maka iskar gabas, shi ke nan.

Nurse_Zali:
Bouzou, "ka share wuri ka kwanta" ɗin nan ne ke kawo mana mutane asibiti. Amfanin hamak na gaske shi ne ya raba ka da ƙasa. Kububuwa da dare take yawo, launinta ɗaya da rairayi, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai ga ɗan ciwo kaɗan ya ce ba komai, bayan kwana ɗaya dasashi ya fara zubar da jini. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da roba. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauko shi zuwa asibiti nan take, maganin dafin can yake. Don haka ma nake cewa kada ku yi nisan da babur ba zai kawo ku gari cikin rabin awa ba.

Cizon ma ba wajen barci kaɗai ake samunsa ba, har wajen tsintar itace da magariba. Ku tara itacenku tun da sauran rana, ku juya kowane gungume da sanda kafin hannu. Takalmi rufaffe, cocila a hannun kowa, da safe a kakkaɓe takalmi saboda kunama. Sauro kuma yana cizo ta cikin yadin hamak, siriri ne. In kusa da ruwa ne sai da sange, a ja wata igiya sama a rataya shi, a tattaro bakinsa ta ƙasa.

Bouzou_Dakoro:
Ban musa ba malama Zali. Amma da sanyin ga maciji ba ya da kuzari kamar farkon damina.

Nurse_Zali:
Ya ragu, bai ƙare ba. Kuma ɗumin wutarku zai iya jawo shi.

Ali_Masunci:
Ku zo Madarunfa mana. Ba dajin ba, bakin tabki. Tafiyar kilomita ashirin da ƴan kai ce, ga inuwa, ga tsuntsaye, ga kaburburan waliyyai 99 in kuna son ziyara. Ku sayi ƙarfasa hannun masunta tana motsi. A fede ta, a tsattsaga gefe biyu, gishiri da tonka da lemun tsami, a shafa mai a kan waya don kada fata ta like, minti goma kowane gefe ta yi. Wanda ya ci wannan ba zai sake tuna zabo ba.

Baffa_Gabi:
Ali, yini na yarda. Kwana ban yarda ba. Su ci kifinsu su kamo hanya kafin duhu.

Ali_Masunci:
Haka ne Baffa, ni ma yinin nake nufi. Sauron tabki kaɗai ya isa ya kore su.

Inna_Mai_Tuwo:
To tunda an zo maganar girki bari in sa baki, don na ga samari huɗu za su ƙona zabi su ci ɗanye. Ba a gashi a kan harshen wuta. Harshen wuta na tukunya ne, garwashi na nama. Ku hura tun bayan la'asar, ku bari itacen ya cinye ya zama ja, farin toka ya hau kansa, sannan ku ja garwashin gefe ku gasa can, wutar kuma ta ci gaba da yi muku sabo a ɗaya gefen.

Ƙasarmu rairayi ce, ba lalle ku samu duwatsun murhu ba. Ku tona ɗan rami mai tsawo, zurfin taƙi ɗaya, bakinsa na kallon inda iska ke fitowa, ku gitta ƙarfe biyu ko waya a kai. Ya fi riƙe zafi, kuma iska ba ta kwasar tartsatsi.

Zabo ba kaza ba ne, namansa ba mai, da an matsa masa wuta sai ya bushe ya yi tauri. A tsaga shi ta baya a buɗe shi ya kwanta, a shafe shi da man gujiya da gishiri da tafarnuwa da citta tun daga gida. A fara ɗora gefen ƙashi, nesa da garwashi kamar taƙi guda, ana juyawa ana shafa mai. Ku ba shi kusan awa. In kun soka wuƙa a gindin cinya ruwan ya fito fari ba ja ba, ya nuna. Yajin ƙuli-ƙuli sai an kusa saukewa, in kun barbaɗa da wuri ƙonewa zai yi ya yi ɗaci. Dankali kuma ku tura shi cikin toka mai zafi tun farko ku manta da shi, lokacin da zabo ya ƙare shi ya yi.

Tukunyar da za ku ɗora, ku shafe bayanta da toka jiƙaƙƙiya ko sabulu, baƙin zai fita da sauƙi. Na san ta uwar wani za ku ɗauko.

Sani_Zariya2:
Inna kamar kina gidanmu. Ta hajiyarmu ce.

Manomi_Agye:
A ƙara da wannan: ba kowane icce ake gashi da shi ba. Tumfafiya kada ku kusance ta, ko a wuta ko a tsinken tsire, ƙaronta guba ne, in ya shiga ido kuma sai Allah. Ƙirya ta fi kowa garwashi, shi ya sa maƙera ke sonta, shi ya sa kuma ta kusa ƙarewa. Busasshen sabara da kalgo sun isa shayi. Amma in don ni ne, ku sayi gawayinku da ɗaurin itace a gari ku tafi da su. Karan da kuka gani a tare cikin gona ba yasasshe ba ne, abincin dabbobin wani ne ko dannin gidansa.

Bouzou_Dakoro:
Inna ta yi bayani, amma ku gwada tagalla, burodin da ake gasawa cikin rairayi, ko sau ɗaya, ba ta son tukunya ba ta son waya. Garin alkama, gishiri, ruwa, a murza sosai har ya yi danƙo, a yi shi fai-fai kaurin yatsu biyu. A ture garwashi gefe, a buɗe rairayin da ya yi zafi a ƙasan wutar, a sa, a rufe da rairayi da garwashi. Bayan kamar minti ashirin a juya. In ka ƙwanƙwasa ka ji ta amsa, ta nuna. A kankare, a ɗauraye da ɗan ruwa, a gutsuttsura a zuba miya ko man shanu. Ƙasa ba ta kama ta in rairayin ya yi zafi da gaske.

Kuma Sani, in kana son daji wanda ba gonar kowa ba, sai arewa. Gadabeji na nan gaba da Dakoro, gandun dabbobi ne tun 1955, a 2018 aka kawo raƙuman dawa daga Kure ta wajen Yamai aka sake su ciki. Sai dai ba tafiyar yammacin Asabar ba ce. Dakoro kanta ta haura kilomita 100 daga Maraɗi, daga nan kuma sai mota mai iya rairayi, da izinin ma'aikatan gandun, da ɗan jagora. Can kuwa wuta ba abin wasa ba ce, tartsatsi ɗaya cikin busasshiyar ciyawa yana cinye kiwon rani na rugage da yawa.

Inna_Mai_Tuwo:
Burodi cikin ƙasa. Bouzou, ku dai Allah ya ba ku haƙora.

Ummi_UDDM:
Ni na ci a Agadas, da daɗi wallahi. Hajiya Rabi, na tambayi Baba. Ya ce in ɗaura nawa tsakanin bedin ƙofar gida da turken tunkiya.

Kawu_Tsoho_Soja:
Na makara ban ga farkon zancen ba. Maganar wuta nake so in ƙarasa, don ita ce ke ɓata tsakanin baƙo da mai gona. Ku share hakin da ke kewaye taku uku kowane gefe. Hamak ya yi nisa da wuta, kuma kada ya kasance inda iska ke kai hayaƙi, yadin nan tartsatsi ɗaya ke huda shi. Kafin barci a zuba ruwa, a motsa, a sake zubawa, har ka iya sa hannu. Rufewa da rairayi kawai ba kashewa ba ne, garwashi na kwana da ransa a ƙasa, da safe ɗan kiwo ya taka ba takalmi. Sannan kafin ku ɗaura komai ku ɗaga kai sama. Tsohon gawo da makiyaya suka sha sassara yana da matattun rassa, kuka na da zuma, goruba na sako ƴaƴa. Aduwa kuma ƙayarta na ƙasa tana jiran mai saukowa fitsari da dare.

Ku bar ma wani a gida sunan ƙauyen da lokacin dawowarku. Ku yi barci bi da bi, ɗaya na zaune. Ba tsoro ba ne, tsari ne.

Sani_Zariya2:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Baban Rafi mun fasa, Baffa. Ɗaya daga cikinmu kawunsa na da gona ta wajen Tibiri, an cire gero, akwai gawo da bedi a bakin gonar, kuma ana hango gari daga wurin. Gobe zai kira shi ya yi mana iso wajen mai gari. Saura maganar kwana, biyu sun ce mu ci zabi mu sha shayi mu dawo bayan isha'i, ni da ɗaya muna son mu ga asuba can.

Hajiya_Rabi_Bagalam:
Waɗancan biyun su ne masu hankali.

Bouzou_Dakoro:
In ba ku kwana ba mi kuka yi? Shayi na uku ma sai dare ya raba yake daɗi.

Baffa_Gabi:
Ku bi abin da mai garin ya ce. In ya ce ku shigo cikin gari ku kwana a zaure, kada ku yi masa gardama, ya fi ku sanin abin da ke yawo a yankinsa satin nan.

Injiniya_Moussa:
Sani, turo hoton bakin hamak ɗin in ga ko ƙugiyar ƙarfe gare shi ko madauki. In irin ƙugiyar maɓallan makulli ce kada ka hau, ba a yi ta don ɗaukar mutum ba. Ina da ɗamara biyu na mota da ba na amfani da su, ka biyo ta unguwar Ali Dan Sofo ka karɓa.

DanTasha_Mokoyo:
Zabi nawa ne wai? In sun kai uku ina da babur kuma na iya gadi.